Mai Talla a Gindin Jirage

Mak Sapiya ba ta taɓa hawa babban jirgi ba, amma duk tsibirin babu wanda ya kai ta sanin abin da ke cikin manyan jirage. Tun da mijinta ya rasu ta gaji kwale-kwalensa. Da hantsi sai ta loda mangwaro da ayaba da taba mai kanumfari, ta nufi inda jiragen kaya ke jefa anga suna jiran shiga Singafo. Ta raɓa a gindin jirgi ta rangaɗa kira, daga can sama a zuro bokiti da kuɗi, ta zuba kaya a ja. In bokiti ya sauko ta ci abinci, in bai sauko ba ta kwana da yunwa.

Wanda ya yi watanni bai taka ƙasa ba, ko kifi ya samu zai yi wa hira. Ita kuwa Allah ya ba ta kunne, ya ba ta baki, bakin ma ya fi yawa. Mutuminta shi ne Wagimin, kukun wani jirgin dakon mai.

"Mak, har yanzu teku bai gaji da ke ba?"

"Ji mai magana! Tumbinka ya riga ka leƙowa. In cika bokitin?"

"Rabi. An sallami masu gadinmu, wai kamfani na tsimi. Inji ma ya tsaya, muna nan sai kayan gyara sun zo."

Da la'asar Daeng Sikki, ƙanen mijinta mai kiranta Kak Piya, wato Yaya Piya, yakan zo shan shayi. Ba shi da sana'ar da aka sani, amma kullum rigarsa a goge. Bai taɓa yi mata tambaya ba. Musu kawai yake yi, don ya san ta gwammace a mare ta da a ƙaryata ta.

"Kak Piya, tsufa ya fara taɓa ki. Jirgi kamar wannan a ce babu mai gadi?"

"Ni tsufa ya taɓa? Daga bakin kukunsu na ji!"

"To ai ga waya mai ƙaya kewaye da shi."

"Ta gaba dai. Ta baya tsatsa ta cinye, ko akuya ta haura."

Haka abin yake. Inda jirgi ya tsaya, wayar hannu ma tana nuna wa 'yan fashin teku. Amma wa ke gadi, wane inji ya mutu, ta ina ake hawa, wannan a bakin irin su Mak Sapiya ake tsintarsa, a banza.

A kasuwar kifi ta ji labari: 'yan fashi sun hau jirgin su Wagimin ta baya, an ɗaure ma'aikata, an zuƙe mai, an sassari waɗanda suka yi gardama. Nan take ta gane wanda ya kai musu labari. Ta tari Daeng Sikki a bakin gaɓa tana kuka.

"Ni me na tambaye ki, Kak? Musu muka yi." Ya gyara wuyan riga. "In tallan ya ƙi, kin san gidana. Ido irin naki ba ya rasa mai saye."

Ta tofa masa yawu a ƙafa.

Daga nan jirage suka kafa doka: duk kwale-kwalen da ya matso, a sakar masa mesar kashe gobara. Ta yi ta kira har muryarta ta dushe, ba wanda ya leƙo. Mangwaro ya ruɓe, ta sayar da 'yan kunnenta ta sari wani, shi ma ya fara laushi. Da ta ji jirgin su Wagimin ya dawo, sai ta ce yau kam za ta ci abinci.

Da ta isa gindin jirgin, Wagimin ya leƙo, rabin fuskarsa duk ɗinki.

"Wagimin! Mak ce!"

"Na gane ki, Mak. Ke kaɗai na faɗa wa."

Ba ta ga wanda ya buɗe mesar ba. Ruwan ya maka ta da ƙasan kwale-kwale, ya watsar da jarinta duka a teku. Ta tashi zaune tana tari, baƙin ciki ya hana ta ko hawaye. Ta ɗaga kai don ta roƙe shi gafara, ya riga ya tafi. Mutum biyu ne kacal a saman jirgin, kuma tsanin baya an manta ba a janye ba. Ba ta so ta gani ba, amma ta gani, kuma duk tsibirin mutum ɗaya ne ya rage da zai sayi wani abu a hannunta. Ta tayar da injin kwale-kwalenta, ta nufi gidan Daeng Sikki.