Allurar da Baban Asabe Ya Ƙi

Idan mara lafiya ya ce a ƙyale shi, bakinsa ake bi ko ciwonsa? Shekara talatin da ɗoriya ke nan da rasuwar maigidana, Baban Asabe, ban sami amsa ba. Ni ban yi karatu ba. Faɗa nake ana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina a jira ni.

Tun ba a yanke mana Jihar Neja ba cikinsa ya fara kumburi. Daga gidanmu na Beri muka taho asibitin Kontagora a bayan motar dawa. Likita ya ce ciwon ya ci hanta, aiki ba zai yi amfani ba. Sai dai akwai allura mai kashe zafi, amma tana sa barci mai nauyi, kuma sai an zauna a asibiti ake yin ta.

Da maigidana ya ji an ambaci barci sai ya girgiza kai. Tsoronsa kada rai ya zo fita bai yi kalmar shahada ba.

Wansa, Yaya Garba, ya ce wa malamin asibiti, "Yi masa kawai, mu riƙe shi. Wannan ko kaciya sai da mutum uku suka danne shi."

Baban Asabe ya ce, "Yanzu ma ka fi ni ƙarfi, Yaya, amma cikin nawa ne."

Malamin ya ce ba zai soki mutum yana cewa a'a ba. A lokacin mace ba ta sa baki gaban wan miji, amma maigidana ya juyo ya ce, "Hajo, ke za ki yi jinya. Faɗi."

Na ce a mai da shi gida.

Ba zan ɓoye ba, farkon komawarmu ya ji daɗi. Yakan zauna a tabarma ƙofar gida yana kallon dawarsa, yana tsokanar masu wucewa. Daga baya ciwon ya tashi. Mutumin da ban taɓa jin nishinsa ba ya koma cizon gefen tabarma. Sallar da yake gudun barci ya raba shi da ita, zafi ya hana shi kai Fatiha ƙarshe. Yaya Garba ya fita neman motar da za ta mai da shi asibiti, ga damina ta yi nisa, rafi ya cika, babu direban da ya yarda. Ni kuwa ba ni da komai sai ruwan ɗumi da tsumma.

Bara maƙwabciyata ta yi irin wannan ciwo. Likita ya tambaye ta abin da take so, aka ba ta ƙwayoyi ta tafi da su gida, ta cika a ɗakinta cikin sauƙi. Na yi mata murna, na koma ɗaki na yi kuka. Da maigidana yana raye ya ga haka, wataƙila ya ce ai abin da ya roƙa ke nan, zamani ne bai kawo ba.

Liman ya ce na kyauta da na mai da maigidana gida. Yaya Garba har ya rasu bai ce na kyauta ba, bai kuma ce na yi laifi ba. Gonar an raba, ɗakin ya rushe. Abin da ya rage shi ne a gidan 'yarmu Asabe ba a ɗura wa mara lafiya ko kunu sai ya yarda. Ban sani ba ko gadon alheri muka bar mata.

An ce Baban Asabe ya yi kalmar shahada kafin ya cika, Yaya Garba ne a kansa. Ni rabona da shi tun la'asar, ina goge masa goshi. Ya kama hannuna, bakinsa ya motsa, har yau ban san ko murmushi ne ko zafi ba. Ya ce:

"Hajo, ke kuma me ya sa kika biye mini?"