Gudun da Babu Mai Kora

Mun tashi da asubar Alhamis, ana sallame salla muka bar unguwarmu, Harra ta Gabas, ni da maƙwabcinmu mai ƙaramar motar ɗaukar kaya. Inna ta rako mu har bakin lungu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta ce a sauka lafiya ba. Hannun rigata ta kama ta ce, "In ka same shi da rai, ka dawo mini da shi. In ma ba haka ba, ka dawo mini da shi."

Ga abin da ya fitar da mu. Ƙanina ya yi wata bakwai yana aiki a Yanbu, yana tuƙa motar ɗaga kaya a siton wani kamfanin gine-gine. Shi kuwa maƙwabcin namu dattijo ne Bahaushen Sudan, Kawu muke ce masa, duk mako yakan kai kayan lambu Yanbu ya dawo da kifi. Ranar Talata ya dawo, ko kifin bai sauke ba ya faɗo gidanmu. Ya ce ya ga ƙanina da idonsa, da sassafe, a gefen titin bakin teku, yana sheƙa gudu daga shi sai gajeren wando da singileti, Turawa huɗu suna binsa a baya. Ya danna ham ƙanina bai waiwayo ba, kafin ya sami wurin juyawa sun sha kwana.

Wani gidan wataƙila a yi dariya, ban da namu. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya masu duba takardun izinin zama suka shigo kasuwar unguwa, mutane suka watse, Baba ya ga ana gudu shi ma ya bi. Ya yi tuntuɓe a baƙaƙen duwatsun nan na Harra ya faɗi da ka, bai ƙara tashi ba. Da aka cire masa riga za a yi wanka, sai ga takardarsa a aljihun gaba, cikakkiya, kwananta bai ƙare ba. Tun ranar Inna ta kafa doka: ɗanta ba ya gudu a titi, ko da an tayar da salla ne. Ni da kuka sani da haukan ƙwallo, wanda ba ya cin abinci ranar da aka ci ƙungiyarmu, ai dalilin ke nan na ƙare a gola tun ina yaro. Mai tsaron gida kaɗai ne ba a ce masa ya yi gudu.

Ranar Laraba na wuni a ɗakin buga waya ina neman kamfanin, ba a ɗauka ba. Inna kuwa ko ruwa ta ƙi sha. A wajenta babba ba ya gudu sai an biyo shi, kuma baƙin mutum in Turawa suka biyo shi, to ko sata aka ɗora masa ko faɗa ya yi. Gaskiya ni ma tunanina bai wuce nan ba.

Hanyar Yanbu ta Badar take bi, siririya ce, sai kwana-kwana tsakanin duwatsu, ga manyan motoci ɗauke da bututun ƙarfe suna zuwa kamar ba su ga kowa ba. Duk wadda ta gifta sai motarmu ta yi rawa, kwandunan na'ana'a da tumatir su amsa a baya. A shingen fita gari aka karɓi takardunmu aka duba aka miƙo mana. Tawa ta ɗan ƙasa ce, ba abin da zai same ni, amma duk da haka sai da tafin hannuna ya jiƙe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma tsalle yake yi.

A Badar muka karya, a wata gahawa, wato rumfar shayi, mai gadajen igiya a bakin hanya. Wake dafaffe da man zaitun, gurasa mai zafi da butar shayi, duka riyal biyar, kuma Kawu ya rantse bara huɗu ne. Ya ci nasa ya haɗa da rabin nawa, don ni na kasa ci. Abin da ya fi damuna da shi, duk lokacin da ya maimaita labarin sai Turawan su ƙaru. A gidanmu huɗu ne, a Musaijid suka zama shida, kafin mu bar Badar sun kai takwas har da wani mai sanda. Na roƙe shi ya bar su haka kafin mu isa mu tarar da runduna.

Da hantsi muka hango hayaƙin Yanbu. Garin ya zama biyu: tsohon mai warin kifi da gidajen katako, da sabon da ake ginawa, inda ba ka ganin komai sai ƙarafa da tankuna da mutane masu hular kwano daga kowace ƙasa. Iskar ma daban take, mai danshi, tana manne wa mutum riga a baya. Kafin Kawu ya gama sauke kayansa a kasuwa la'asar ta yi, muka nufi sansanin ma'aikata.

Mai gadin ƙofa ya duba littafinsa ya ce an tashi aiki tun azahar, ran Alhamis rabin wuni ake yi. Na faɗi sunan ƙanina. Ya ɗan yi tunani ya ce, a'a, wannan ai Amurkawa sun zo sun tafi da shi a motarsu. Na tambaye shi ina. Ya nuna bayan tankunan ruwa da haɓa, ya ce can suke kai shi duk Alhamis bayan la'asar.

Duk Alhamis. Muka yi salla a masallacin sansanin, ban san me na karanta ba. Da muka koma mota Kawu ya zaro ƙarfen kwance taya daga ƙarƙashin kujera ya ɗora mini a cinya.

Bayan tankunan wani fili ne na yashi da aka daddaɓe, an zana masa layuka da farar ƙasa. Motoci sun kewaye shi. Ban tsaya kallon layukan ba, domin abin da idona ya fara sauka a kai shi ne ƙanina, ya rungume wani abu a hammata yana gudun ceton rai, ƙattai biyar suna binsa. Biyu a cikinsu sun sa hular ƙarfe mai shinge a fuska. Ya kauce wa na farko, ya zille wa na biyu, sai wani jibgege ya fito ta gefe ya yi sama da shi ya maka da ƙasa. Sauran suka zube a kansa.

Shekara goma sha tara rabona da gudu a fili, ranar na karya dokar Inna. Ban san lokacin da na dira daga mota ba, ƙarfe a hannu, riga tana harɗe ni, ina ihu da Hausa da Larabci a haɗe. Kawu yana bayana yana salati. Turawan suka ɗago suka gan ni, suka watse da baya hannuwa sama.

Ƙanina yana kwance bai motsa ba. Idonsa a buɗe, bakinsa a buɗe, ba numfashi. Ƙeyarsa a kan ƙasa, daidai yadda aka ce an sami Baba. Na yar da ƙarfen na durƙusa ina kiran sunansa, kuma a raina na riga na fara neman kalmar da zan faɗa wa Inna. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ba na kuma fatan in sake.

Sai ya ja iska da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya yi tari, ya dube ni, ya dubi ƙarfen. "Yaya? Esh fi, lafiya? Me ya kawo ka?"

"Me ka ɗaukar musu?" na ce.

Ya ɗago abin da ke hammatarsa. Wata ƙwallo ce ruwan ƙasa, mai tsini biyu kamar gwanda, da ɗinki a ciki. Jibgegen da ya kayar da shi ya matso a hankali, yana satar kallon ƙarfen, ya miƙa masa hannu ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa yashi a baya yana ta ba shi haƙuri.

Da aka yi bayani, wasa ne. Ƙwallon ƙasarsu ke nan, kuma wai sunanta ƙwallon ƙafa. Na zauna a kan bodin mota na kalli sauran, kuma ku da muke sauraron wasa tare a rediyo bari in gaya muku, ban ga ƙafa a ciki ba. A hannu ake ɗaukarta. A jeru a duƙa kamar za a yi dambe da ka, a yi karo, a zube, sannan kowane ɓangare ya koma gefe a haɗa kai ana ƙus-ƙus kamar masu shawarar aure. Gudun minti ɗaya, shawarar minti uku. Ba yanka, ba gwaninta, ba wanda zai ɗaga ƙwallo da ƙirji ya sauke ta a ƙafa ka ji daɗi a ranka. A wasanmu in ka taɓa mutum alƙali ya hura; a nasu in ba ka kayar da shi ba ne ake yi maka faɗa. Abu ɗaya na yaba: in aka jefa ta tana juyawa a sama har ta sauka a hannun mai gudu, wannan kam da kyau. Amma duk sanda aka miƙa wa ƙanina sai in runtse ido.

Na tambaye shi na ranar Talata fa, a titi, ai ba ƙwallo a hannunsa. Ya ce wannan gudu ne kawai. Kullum da safe kafin aiki suke yi, don lafiyar jiki. Ya gan su ne yana jiran mota, wata rana ya bi su, ya wuce su, shi ya sa suka ja shi cikin wasan. Ba binsa suke yi ba, kamo shi ne ba sa iyawa. Kawu ya ce shi dai ya faɗi abin da ya gani, kuma ai ba ƙarya ya yi ba.

Na ce ya haɗa kayansa, Inna ta ce in koma da shi. Ya ce in ya bar aiki ba izini, korarsa za a yi. Muka yi ta ja. A ƙarshe ya ɗaukar mini alkawarin barin wasan karo, don shi ma haƙarƙarinsa ya gaya masa gaskiya. Amma gudun safe ya ce ba zai bari ba, sai dai in zo in gani da kaina kafin in yanke hukunci.

Da safiyar Juma'a ya ara mini takalmin roba da wando. Mu bakwai ne a titin bakin teku, har da wani tsoho mai furfura da tumbi. Ni a ganina gudu ba ƙwallo miya ce ba gishiri: ba raga, ba ci, ba wanda zai tafa maka. Muka fara a hankali. Ban yi nisa ba ƙirjina ya ɗau zafi, amma ba wannan ne ya dame ni ba. Takun da nake ji a bayana ne. Duk taku goma sai na waiwaya. Da wata motar sintiri ta taho, saura kaɗan in tsaya in ɗaga hannu. Na cikinta ko kallonmu bai yi ba.

Ƙanina ya rage gudu ya jero da ni. Ya ce, "Yaya, halas, ya isa, daina waiwaye. Ba kowa."

Na daina. Na yi ɗan abin da na iya, sannan na tsaya don kaina na riƙe gwiwa ina haki. Turawan suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, tsohon ya ɗaga mini yatsa. Na bi ƙanina da kallo har ya ƙanƙance a gaba, kafaɗunsa a sake, kansa a miƙe. Kuka ya zo mini, na bar shi a kan zufa ce.

Bayan sallar Juma'a muka ci shinkafa da soyayyen kifi a tsohon gari, ranar na san ina jin yunwa. Kawu ya loda kifinsa cikin ƙanƙara muka kamo hanya. Tun daga Badar nake juya abin da na gani. Wasansu dai har gobe ban karɓe shi ba, ƙwallo tamu ce ƙwallo. Amma na gane a gidanmu gudu iri ɗaya muka sani, ashe akwai na biyu, kuma sai da na je har bakin teku na gan shi.

Mun shigo Harra ana kiran magariba. Inna tana zaune a dakalin ƙofa, ta leƙa motar ta ga babu ƙanina, ta dafa bango. Na yi maza na ce lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ta, zai zo ƙarshen wata. Na zauna a gabanta na ba ta labari, na tsallake wurin da ya kwanta ba numfashi. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

"To in ya gaji fa?" ta ce.

"Sai ya tsaya, Inna."

"Ya tsaya, su iso shi, ba abin da za su yi masa?"

"Wuce shi kawai za su yi."

Ta daɗe tana kallon baƙaƙen duwatsun da ke ƙarshen lungu. Sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Allah ya jiƙan babanku. Shi bai san ana tsayawa ba."

Ta miƙa hannu na ba ta kofin ruwa, ta shanye.