Muryar da Ta Rage a Kaset

Na yi shekara biyu da 'yan watanni ina aiki da wani kamfanin talla, lokacin garinmu bai koma Suleja ba, Abuja ake ce masa. Babban ofishin yana Kaduna. Namu ɗaki biyu ne a bayan shagon wani tela, mu huɗu: manaja, mai zanen alluna, direba, sai ni. Ni ke rubuta kalmomin talla, ni ke faɗarsu ta lasifika daga bayan mota. Kafin nan na yi wata shida ina koyon karanta labarai a gidan rediyo a Kaduna, aka ce in koma gida, in gurbi ya samu za a kira ni gwajin murya. Na kama aikin talla ne don in ci abinci kafin kiran ya zo.

Da aka fara maganar gina sabon birnin tarayya kusa da mu, baƙi suka cika gari, masu kaya suka biyo su. Da sabulu da batir muka fara. Kafin shekara ta zagayo an ƙara mana maganin sauro, madarar gwangwani da fitila. Fita biyu a mako ta koma shida, Madalla, Chaza, Zuma da ƙauyukan gefensu, tun hantsi har la'asar sakaliya. Ba a ƙara mana ma'aikaci ko ɗaya ba.

Abin alfaharin kamfanin ɗaya ne: ba ma sa kaset. Motocin wasu kamfanoni kaset suke kunnawa, ya yi ta maimaita kansa. Mu kuwa mai talla ne ke magana, yana amsa wa mutane. Akwai wata mai sayar da daddawa a Madalla da ba ta barina in wuce.

"Malam, sabulun nan naka yana wanke halin maigida?"

"Inna, fara da rigarsa tukuna, mu ga abin da Allah zai yi."

Kasuwa ta ɗauki dariya, katan ya ƙare. Wannan muke sayar wa masu kaya, kuma daga maƙogwarona yake fitowa.

Manajanmu mutumin kirki ne. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kwano ɗaya muke ci. Kullum a taron safe yakan ce, "Nan ba mu da ma'aikaci, duk 'yan gida ne." Sai daga baya na gane nauyin maganar. Ɗan gida ba ya rubuta takardar neman hutu.

Muryata ta fara dushewa da la'asar, sannan ta koma tun azahar. Ana cikin haka wasiƙar gidan rediyon Kaduna ta iso: gwaji ranar Litinin, saura mako uku. Na je asibiti, malamin ya haska maƙogwarona da tocila, ya ce in yi kwana goma sha huɗu ban yi magana ba, ko sallama in amsa a hankali. Na lissafa, kwanakin sun isa har da saura.

Na gaya wa manaja. Ya dafe kai.

"Subhanallahi! Ɗan uwa, shi ne ka ɓoye mana?"

Washegari na tarar da teburina cike: zuma, citta, kanumfari, lemun tsami. Mai zane ya kawo wani jiƙo daga wajen mahaifiyarsa. Manaja da kansa ya dafa mini ruwa. Kowa ya damu da ni, da gaske kuma. Amma jadawalin fita da ke jikin bango yana nan yadda yake, fita shida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in ɗauki tallar a kaset. Mako biyu kawai."

"Kaset? Mu? Ran Laraba wakilin masu sabulu zai zo ya ga abin da ya bambanta mu da sauran. Daure mini zuwa Laraba."

Bayan Laraba masu madara suka aiko nasu wakilin. Bayansa babban ofishi ya turo sabuwar talla, aka ce sai an gwada ta a gaban mutane an ji inda suke dariya.

Direbanmu dattijo ne, ba ya yawan magana. Muna dawowa daga Chaza ina tofar da yawu mai jini-jini ta taga, ya ce, "Ɗana, ka kwanta a gida."

"Baba, ai na gaya musu."

"Gaya musu ka yi. Ni kwanciya na ce."

Ban kwanta ba. Matata tana da tsohon ciki, ina tsoron in rediyo ba su ɗauke ni ba in rasa duka biyun. Ina kuma jin kunyar mutumin da ya dafa mini ruwa da hannunsa. Kowace safiya nakan tsaya a bayan gida in karanta layi ɗaya daga tsohuwar jarida, in ji abin da ya rage na muryata. Kullum raguwa yake.

Saura kwana huɗu a yi gwajin, manaja ya yarda, ya aro rakoda. Da safe, bayan zuma da ruwan zafi, muryar takan buɗe na kamar awa ɗaya. A cikin awar nan na ɗauki talla biyar, sumul, kamar ba abin da ya same ni. Manaja ya saurara, ya ji daɗi, ya ce to tunda an samu sauƙi, in bi mota zuwa Zuma, kaset ya yi aikin, ni in riƙa amsa wa mutane a tsakani kawai. Na bi. Wani mai doya ya tsokane ni, na ɗauki makirfo, na fara ba shi amsa, maganar ta yanke a tsakiya. Iska kawai ke fita.

Duk da haka na je Kaduna. Aka ba ni labari mai layi biyar in karanta, jar fitilar ɗaukar murya ta kama. Mai gwajin shi ne ya koya mini numfashi a da. Ya ce in sha ruwa in sake. Sau uku. Sannan ya fito ya tsaya a bakin ƙofa.

"Me ka yi wa muryar nan?"

Na rubuta masa a bayan takardar: talla. Ya karanta, ya mayar mini. Ba a sake kirana ba.

Da na dawo manaja ya rungume ni, ya ce teburina yana nan, rubutu kawai zan riƙa yi. Motar ta ci gaba da fita da kaset, ba wanda ya ƙara maganar abin alfahari. Muryar ta dawo bayan watanni, a shaƙe, yadda take har yau.

Wata rana direba ya ajiye makullin mota a teburina, ya ce mai daddawar Madalla ta sake jefo tambayarta, kaset ya ci gaba da maganar batir. Ta leƙa bayan motar, ba kowa. Ta ce a gaishe ni, ta ji muryar tawa ta warware.