Baba Zauna-Tukuna da rasitan da aka ƙona

Ranar da aka tashi daga zaman makokin matata, 'yan'uwanta suka ƙona rasitan shagonmu kaf. Ba mugunta ba ce. Marigayiya takan rubuta bisimilla a bayan kowane rasit kafin ta adana, su kuma suka ce takarda mai sunan Allah ba a zuba ta a shara. Suka tara a tsakar gida, suka ƙyasta ashana. Shaidar kuɗin haya, da na wuta, da na saro littattafai, duk ta tashi hayaƙi cikin ladabi.

Da lokacin haraji ya zo, aka lissafa duk abin da ya shigo shagon a matsayin riba, kamar daga sama littattafan suke faɗo mini. Wani jami'i mai ƙamshin turare, idonsa a kan waya, ya ce, "Ba rasit, ba ragi. Ka biya ko a garƙame shagon."

Na ce an ƙona su.

Ya ce, "To, kawo tokar."

A ofishin nan akwai wani dattijo da teburinsa ke kusa da ƙofar bayi, ƙarƙashin fankar da ta daɗe da mutuwa. Yana riga mai shara isowa. Kujerar baƙi yake fara gogewa kafin tasa. Duk wanda ya taho da kumfar baki, kalma biyu yake tarbarsa da su, har suka zama sunansa: Baba Zauna-Tukuna.

Na je wurinsa, na zauna. Ya ce, "Malam, rasit shaida ce, amma ba ita kaɗai ba ce shaida. Ita marigayiyar, yaya take aikinta? Wa take saro wa kaya? Ta banki take biya ko hannu da hannu?"

Na shiga ba shi labari, yana rubutawa. Ya tura ni banki na karɓo bayanan asusu. Ya sa na caja wayarta, wadda na kasa taɓawa tun rasuwar, muka ciro saƙonnin biyan kuɗi. Ranar hutunsa ya raka ni wajen dillalin littattafai da mai gidan haya, suka ba da kwafin nasu. Da na nemi cusa kuɗin gyaran kantar shagon da ba ni da ko ƙwayar shaida a kai, ya ture takardar.

"Wannan kam ko birgima za ka yi ba zan sa ba. So kake mu kwana a ɗaki ɗaya a gidan yari, ga ni da minshari?"

Shagon yana nan a buɗe. Ku tambayi mai waldan da ruwan sama ya jiƙe wa takardu, ku tambayi telar da ɓera ya cinye wa nata, za ku ji irin wannan.

Me aka saka masa da shi? Waɗanda ya koya wa riƙe biro sun zama iyayen gidansa. An ce wai yana rage wa ofis kuɗin shiga. Wato karanta wa talaka dokar da gwamnati ta rubuta da hannunta ya zama laifi. Makon jiya ya yi ritaya. Shugaban ofis ya cinye taron bankwana yana yabon kansa, sannan aka miƙa wa Baba agogon bango, mutumin da bai taɓa makara ba. Mai turare ya fi kowa tafi.

Baba, kai ne ƙofar da ba ta da mai gadi. Kai ne ka nuna ana iya karɓar haraji ba a karɓi mutuncin mutum ba. Allah ya saka maka. Ku da kuka gaji kujerun, ba a ce ku yi wa kowa alfarma ba. Ku ce wa mutum ya zauna, ku tambaye shi wace shaida ta rage. Ko wannan ma ya fi ƙarfinku?

Baba, na je taron da magana a bakina, ba a ba ni dama ba, ka fice ta ƙofar baya da agogonka a hammata. Ga ta nan. Duk masu gaisuwa tambayata suke yadda matata ta rasu. Kai kaɗai ka tambaye ni yadda take aikinta.