Mariyama da Dilolin Iferwan

A gidanmu na tsohon gari, nan Agadez, in sanyi ya shigo ba ma jiran a kira mu. Da an sallame magariba sai mu kewaye kaskon garwashin Kaka Azara, mahaifiyar babana, kowa ya tura ƙafafunsa kusa da wuta. Ita kuwa tana saƙar tabarma, ba ta ko duban hannunta. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan, ta gangaro daga kan duwatsu." Mu ce, "Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka."

Wadda na fi so ita ce ta Mariyama, wata yarinya a garakan Iferwan, wato lambunan wani gari can cikin duwatsu. Uwarta ta kwanta ciwo, aka bar mata tsaron ƴan awaki uku, su ke nan dukiyar gidan. Mariyama gwanar majaujawa ce. Duk abin da ta zuba wa ido, kafin ya motsa dutse ya same shi. Dila ya san haka, shi ya sa bai zo shi kaɗai ba, ya zo da matarsa. Matar ta shiga cikin kaba ta gabas tana girgiza ganye. Mariyama ta juya can, ido da zuciya gaba ɗaya. Dila ya lallaɓo ta yamma ya sure ɗan akuya. Ta gan shi fa, amma kafin ta dawo da hankalinta ta wurga dutse, ya yi nisa.

Washegari ta ce yau gefen yamma za ta tsare. Su kuma suka sauya wuri, na biyu ya tafi.

A nan Kaka takan ajiye saƙa ta dube mu. "To, ku faɗa mini, hannunta ne ya mutu?"

"A'a!"

"Hannu lafiya lau. Hankali ne ya yi tafiya, shi kuwa dawowarsa ba nan take ba ce."

Saura ɗaya, wata ƴar baƙa mai shan nono, wadda ake sa ran ta girma ta ba uwar Mariyama madara. Mariyama ta kwana tana tunani. Da ganye ya soma motsi, sai ta juya fuskarta can kamar kullum, har da miƙa wuya. Amma fuskar kawai ta bayar. Hankalinta ta ajiye shi a gefen idonta, wajen da babu motsi. Dila ya ga ƙeya, ya ce yau ma an samu. Ƙafarsa ɗaya ya ɗaga, dutse ya same shi a hanci. Ya ruga yana kuka, matarsa na biye, ba su sake dawowa ba.

In ta gama, Kaka takan gwada mu. Ta ɗauki dabino, ta kalli yayata Hadiza kamar ita za ta jefa wa, sai ta cillo mini. Kullum a ƙirji yake buguna, a yi ta dariya. Ranar da na fara cafe shi a iska, ta ce, "Yawwa, Alhasan. Yau ka raba ido da hankali." Na kwana ina jin kaina kamar wani sarki.

Yanzu motar ɗaukar marasa lafiya nake tuƙawa. Wata shekara aka tara mu horo, aka kawo wata malama daga Yamai mai nazarin yadda tunanin mutum yake aiki. Ta zaunar da kowa gaban ordinatar, wato kwamfuta. Ka tsayar da idonka a tsakiya, kibiya ta nuna dama ko hagu, sannan ɗigon haske ya fito, ka danna maɓalli. In hasken ya fito inda kibiya ta nuna, hannu na sauri. In ya fito ɗaya gefen, sai an ɗan makara, ko da idon bai motsa ba. Ta ce jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma mota mai gudu tana cin ƙasa a cikinsa.

Na ɗaga hannu na ce, "Madam, ai wannan kibiyar matar dila ce." Na ba su tatsuniyar. Ta yi dariya har da tafi, ta ce, "Ka ba ni izini in riƙa buɗe darasina da ita?" Na ce ta ɗauka, amma ta ambaci sunan mai ita.

Ba a jima ba na ɗauko wata mai naƙuda daga Dabaga, tare da ungozoma, Malama Zainabu. Haihuwar ta zo da gardama, ina gudu. Muna shigowa gari, wani kamyo, babbar motar kaya mai zuwa Jado, shaƙe da masu neman zinariya da jarkokin ruwa, ya karkace a hagun hanya. Mutane na ihu, kaya na zubowa. Duk wanda ke wurin can yake kallo. Ni ma idona ya tafi, amma na hana hankalina binsa, na bar shi a dama inda babu hayaniya. Ta daman nan kuwa wata tsohuwa ta shigo hanya da tulu a kai, ita ma kamyon take kallo. Ƙafata ta riga tunanina taka birki. Motar ta tsaya cak, tsohuwar ta dafa gabanta da hannu, ko tulun bai faɗi ba.

Malama Zainabu ta leƙo daga baya tana salati. "Alhasan, ta ina ka gan ta?"

Na ce, "Sai an jima zan faɗa miki, Malama, mu kai mai naƙuda tukuna."

Matar ta sauka lafiya a gidan likita, ɗiya mace.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar kan wayo ce, wa ya fi wani dabara. Sai da na girma na gane horo Kaka take ba mu, ta san abin da ya fi ƙara ba lallai shi ne haɗarin ba. Ta rasu ba ta taɓa shiga motata ba. Amma a ranar nan mutum uku sun kwana da rai, kuma na san wadda ta koya wa ƙafata saurin.