Faifan Azurfan Mahaifin Alhaji Tijjani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Alhaji Tijjani, maƙwabcina a unguwar Madain Fahd. Ni tela ne, daga Damagaram na zo Jidda, shagona yana Bab Makka. Shi kuwa a nan aka haife shi, iyayensa Hausawan Sudan ne, kuma gyaran agogo ya yi har ƙarshen rayuwarsa. Mutane sun san shi da agogo. Kaɗan ne suka san abin da ke cikin akwatunan ɗakinsa.

Tsofaffin kayan adon sojojin Skotland yake tarawa, waɗannan da mazansu ke ɗaura zane mai layi-layi zuwa gwiwa. Yana da bajon hula, da kawunan bel, da 'yar wuƙar da suke sokewa a safa, da jakar fata mai gashin doki wadda suke ratayawa a gaba. Wasu ya samo su a kasuwar gwanjo, wasu a hannun Turawan kamfanoni masu shirin komawa gida. Idan ɗinkin wata jaka ya saki, ni yake kawo wa, da sharaɗin kada in sa zaren roba. Ta haka muka saba.

Dalilin wannan sha'awa mahaifinsa ne. Tsohon ya yi aikin soja a Sudan zamanin Turawa, cikin 'yan badujala, yana busa algaitar nan mai jakar iska. Abin da ya bari bayan rasuwarsa shi ne faifan azurfa mai allura a baya, wanda ake maƙale mayafi da shi a kafaɗa. Tijjani ya tashi yana jin cewa wani hafsa ne ya cire shi daga kafaɗarsa ya ba mahaifin. Son ya san ko wace runduna ce ke da faifan, shi ya kai shi ga sauran kayan.

A hankali ya iya rarrabe na asali da kwaikwayo. Ba ya fara duba fuskar abu, bayansa yake juyawa. Yakan sa gilashin gyaran agogo a ido ya nemi hatimin maƙera, ya duba ko zanen ya fita sarai ko ya dushe irin na zubi, ya auna nauyi a tafin hannu. Fata kuma sunsuna ta yake yi. Ya sha mayar wa 'yan gwanjo kayansu yana cewa wannan bai girmi jikansa ba.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar ya shigo wurina da faifan mahaifinsa a naɗe cikin hankici. Ya ce ya daɗe yana kauce wa duba shi yadda yake duba na wasu, amma ranar ya duba. Babu hatimi. Ƙarfen ba azurfa ba ne, tagulla ce aka yi wa wanka, kuma allurar aikin maƙerin kasuwa ce. Bai ɗaga murya ba. Ya dai tambaye ni ko zan raka shi unguwar Aziziyya wurin yayarsa, Hajiya Sa'a, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ƙetaro teku da iyayen.

Ta karɓi faifan, ta juya shi, ta ajiye a cinya. Ta ce ai ta sani. Lokacin da suka iso Sawakin suna jiran jirgin ruwa, guzuri ya ƙare, mahaifiyarsu tana da cikinsa, ga zazzaɓi. Mahaifin ya sayar da na asalin, ya ciyar da su, ya biya musu jirgi. Kafin ya miƙa shi, ya sa wani maƙeri ya zuba masa irinsa, don kada matarsa ta gane ta sa damuwa a ranta.

Tijjani ya ce, "Yaya, me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Ba ka taɓa tambayata ba. Turawa kake tambaya."

A hanyar dawowa bai ce komai ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce, "Halas." Bai daina tara kayan ba, amma ya rage zuwa gwanjo, ya ƙara zuwa Aziziyya. Faifan kuma ya daina nuna shi a matsayin kyautar hafsa. Duk wanda ya tambaya, sai ya gaya masa na kwaikwayo ne, ya kuma gaya masa yadda aka yi.

Yau irin waɗannan kaya a waya ake cinikinsu. Mutum ya ga hoto ya biya, bai taɓa ba, bai auna ba. Ina jin da Alhaji yana raye da bai yi faɗa ba. Da ya ce a turo masa hoton bayan, idan an ƙi, ya rufe wayar. Su kuma masu kwaikwayon sun ƙware, har hatimin suna bugawa, kuma ban san ko idonsa zai iya kama su yanzu ba.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa sun sayar da mafi yawan kayan, lokacin da matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, ta tilasta wa babban ɗansa barin ƙasar. Ban ga laifinsu ba. Ba su san sunayen rundunonin ba, ni ma ban riƙe ba. Wannan ilimin ya tafi da mai shi.

Abin da ya rage ban yi tsammaninsa ba. A Sallar da ta wuce na je gaishe da Hajiya Sa'a, wadda yanzu ba ta gani sosai. Na tarar da jikokin Tijjani kewaye da ita, yaran da ke jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Ƙaramar cikinsu tana ta matsa mata ta sake ba su labarin Sawakin, har tana gyara mata idan ta tsallake wani wuri. Tsohuwar ta ce da Hausa kaɗai za ta bayar. Yarinyar ta gyara zama ta ce, "To, Kaka, faɗi. Ina ji."