Sati Biyun Da Na Hana Ta

A shekarun da na yi ina aikin jinya a sashen masu taɓin hankali a nan Gombe na ga abubuwa iri-iri, yawancinsu sun shuɗe. Amma akwai guda ɗaya da ba zai bar raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin ni ce babba a ɗakin, ni ke raba wa kowa ranakun aikinsa. A cikin waɗanda ke ƙarƙashina akwai wata Bafulatana daga Gabukka, mai fara'a da sanyin hali. Majinyacin da ya ƙi karɓar magani a hannun kowa, in ta zauna kusa da shi ta yi masa Fulatanci sai ka ga ya miƙo hannu. Adda take ce mini, wato yaya da Fulatanci.

Akwai wani magidanci da ta yi wata uku tana lallaɓawa har ya samu sauƙi aka sallame shi. Ba a yi kwana goma ba sai ga labari ya hallaka kansa a gida. Tun daga ranar dariyarta ta ɗauke.

Wata safiya ta same ni a ofis, idanunta sun yi ja, ta ce, "Adda, don Allah ki cire ni daga aikin dare na sati biyu. Ko na kwanta da rana barci ba ya zuwa, fuskarsa nake gani."

Ban ko ɗago kai sosai ba na ce, "Wa zan sa a madadinki? Mu huɗu ne kacal. Duk mun bi ta nan. Ki dage da addu'a, zai wuce."

Ta ce, "To," ta fita. Ni da na san abin da rashin barci ke yi wa ƙwaƙwalwa fiye da kowa a wurin, ban gane shi a fuskar abokiyar aikina ba.

Bayan kamar wata guda na shiga ɗakin ajiye magani da rana, na tarar tana zura ƙwayoyin barci na majinyata a aljihu. Ta ɗago ta gan ni.

"Guda biyu ne kawai, Adda. Barci nake so."

A ranar na rubuta rahoto. Na gaya wa kaina doka na bi, kuma gaskiya ne, doka na bi. Sai dai ban rubuta cewa ta taɓa zuwa neman taimako na kore ta ba. Aka dakatar da ita, ba ta sake dawowa ba.

Shekaru shida bayan haka na gan ta a Kasuwar Gombe tana sayar da atamfa a shagon yayanta. Ta gaishe ni da ladabi, ta jawo mini kujera. Na kasa zama, na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Na yafe tuntuni, Adda. Laifi kam na yi shi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ina son aikin nan."

Na sayi turmin atamfar da ba na bukata na tafi.

Abin ya koya mini cewa mai jinya ma yakan bukaci jinya. Kuma mutum mai haƙuri in ya buɗe baki ya ce ya gaji, a saurare shi tun a karon farko, don da wuya ya sake faɗa.